Kafin ka sayi inji ko ka kama fili, yi wannan lissafin

Yawancin masu shirin kafa masana'anta da neman fili suke farawa, sai an kama wuri sannan a zauna tunanin kaya nawa za a riƙa fitarwa. Wannan juyin waina ne ta baibai. Yawan kayan da kake son samarwa shi ke faɗa maka girman gini, ƙarfin wutar lantarki, yawan ruwa da adadin motocin da za su riƙa shiga da fita. Idan ba ka san wannan adadi ba, da me za ka auna filin?

Adadin kuwa iri uku ne, kuma rikita su ne ke jefa mutane cikin asara. Akwai abin da kamfanin da ya ƙera injin ya rubuta a jikinsa, akwai abin da injin zai iya bayan an cire lokutan da dole ya tsaya, sannan akwai abin da ya fito a zahiri. A ce masana'antar sabulun ruwa ce mai matakai huɗu. Tankin haɗi yana wadatar da kwalba 1,200 a awa, injin ɗuri yana cika 900, mai manna takarda yana yin 1,500, masu zubawa a kwali kuma 1,000. Ƙarfin wannan masana'anta 900 ne a awa, ko da injin manna takardar zai yi gudun walƙiya, domin duk kwalbar da za ta fita sai ta bi ta wurin ɗuri.

A awa 8, kwalba 7,200 ke nan a takarda. Amma wanke bututu, sauya girman kwalba, hutun ma'aikata da duba inji za su ci kamar awa 2, saura awa 6, wato 5,400. Sai a zo ga ɗaukewar wuta, murfin da ya ƙi zama, da kwalaben da aka ware saboda ba su cika ba, ka ga an tashi da 4,600. Wannan kashi 64 cikin ɗari ne na abin da ke rubuce a jikin injin, amma kashi 85 ne na abin da zai yiwu. Wanda ya yi wa dillali alkawari bisa 7,200 ya ɗauko wa kansa rigima tun ranar farko.

Yanzu a ce kasuwa na neman kwalba miliyan ɗaya da rabi a shekara. Kwana 300 na aiki sau 4,600 ya ba da 1,380,000, giɓin 120,000 ke nan. Nan ne zuciya ke raya wa mutum ya ƙaro injin ɗuri na biyu. To idan ya ƙaro, ɗuri ya koma 1,800 a awa, amma cunkoson sai ya koma wurin masu zubawa a kwali, waɗanda 1,000 ne iyakarsu. An kashe kuɗin inji guda don ƙarin kwalba 100 kacal a awa. Alhali ƙarin awa ɗaya na aiki kullum zai ba da kusan 230,000 a shekara, ya rufe giɓin har da rara. Rage lokacin sauya kwalba ma, ko da da minti 20 ne, ya fi sabon inji araha nesa ba kusa ba.

Kada kuma a tsara aiki ya cika maƙil. A wurin da masu buƙata ke zuwa ba bisa tsari ba, kamar garejin gyara ko teburin karɓar oda, lissafin layi mafi sauƙi na ma'aikaci ɗaya ya nuna cewa idan yana cikin aiki rabin lokacinsa, mutum 1 za a riƙa samu a wurin a matsakaici. Idan aikin ya ci kashi 80 na lokacinsa za su zama 4, a kashi 90 su zama 9, a kashi 95 kuwa 19. Ɗan sararin da ake bari ba ɓarna ba ne, shi ke shanye ranar da inji ya tsaya ko oda ta zo a tare.

Sai batun wuri. Tun a 1909 masanin tattalin arziki na Jamus, Alfred Weber, ya kafa ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: duba ko kayanka nauyi suke ragewa ko ƙarawa yayin sarrafawa. Ana matse kusan tan 10 na rake kafin a sami tan ɗaya na sukari, ga shi raken yana rasa zaƙi idan ya daɗe bayan yanka, shi ya sa masana'antar sukari ke zama a bakin gona. Siminti ma kusa da dutsen farar ƙasa ake yin sa. Lemon kwalba kuwa akasarinsa ruwa ne da ake ƙarawa a ƙarshe, don haka kusa da masu sha ake ɗura shi. Wani lokaci ba ɗanyen kaya ba ne ke ja, ba kuma kasuwa ba: ƙasar Aisland ba ta haƙar ma'adinin alminiyam, amma ana narka shi a can saboda arahar wutar da take samu daga ruwa da zafin ƙarƙashin ƙasa.

Ga mai neman inda zai kafa sito, akwai lissafin tsakiyar nauyi da ake yawan koyarwa. A ce kasuwanni uku ne a kan hanya ɗaya, a kilomita 0, 100 da 300, suna karɓar tan 60, 30 da 10 a mako. A ninka kowace tazara da nauyinta, a haɗa, a raba da jimillar tan 100, amsar ita ce kilomita 60. Sai dai a gwada a gani. Sito a kilomita 60 zai jawo jigilar tan-kilomita (wato nauyin kaya sau tazarar da aka kai shi) 7,200 a mako, amma idan aka kafa shi a gindin babbar kasuwar, 6,000 ne. Duk lokacin da wuri ɗaya ya ɗauki fiye da rabin kaya, kusa da shi ya fi. Tsakiyar nauyi manuniya ce kawai ta yankin da za a fara dubawa.

Bayan an rage wurare zuwa uku ko huɗu, mutane kan ba kowanne maki a kan haya, hanya, ma'aikata, wuta da haraji. Ba laifi, amma a fara fitar da sharuɗɗan da ba a ciniki a kansu. Filin da ruwa ke malalewa, ko wanda doka ba ta yarda a yi masana'anta a kansa ba, ko wanda tirela ba ta iya juyawa a ƙofarsa, a soke shi tun kafin a zo ga maki, kada arahar haya ta rufe wannan aibi. Araha ba ta ado: haya sau ɗaya ake biya a shekara, kuɗin dako kuwa kowace mota sai an biya.

A tambayi kuma ko akwai sararin faɗaɗawa a gefe. Injiniyoyin masana'antun sinadarai na da ƙiyasin cewa ninka girman na'ura sau biyu kan ci kusan ninki ɗaya da rabi na kuɗi, don haka harsashin gini, babban bututu da layin wuta gara a yi su da girma tun farko, injuna kuma a riƙa ƙarowa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon yadda oda ke ƙaruwa.