Ciko bai ƙare ba sai an gwada cizo

A ɗan asibitin haƙorin da nake riƙe da shi, aikin da ba na karɓar ko sisi a kansa shi ne gyaran cizo bayan ciko, kuma shi ne mutane suka fi rainawa. In na cike kogon turmi ko na sa wa haƙori hula, akwai wata siririyar takarda mai shuɗi da nake sa wa mutum a baki in ce Alhaji ciza, ɗan goga hagu da dama, duk inda cikon ya yi tudu sai shuɗin ya fito ɓaro-ɓaro a wajen, in sa inji in rage, ko minti 5 ba ya kaiwa.

Toh matsalar ita ce a lokacin allurar kashe zafi ba ta sake shi ba, takan kai awa 2 zuwa 3, ka tambaye shi ya zauna daidai? ya ce lafiya lau likita, alhali leɓensa ma ba ya ji. Sai ya je gida ya ga haƙori ɗaya na riga sauran haɗuwa, duk ƙarfin taunar da ya kamata turame su raba ya koma kansa shi kaɗai. Jijiyoyin da suka riƙe saiwar a cikin ƙashi su kumbura, ruwan sanyi ya gagara, goro da kilishi kuwa ba a magana. Daga nan ya koma tauna da ɓangare guda, naman muƙamuƙi ya gaji, gaɓar nan ta gaban kunne ta fara ƙas ƙas, ga ciwon kai da safe, har wani ya tafi kemis neman maganin kunne. In aka daɗe a haka cikon na iya fashewa ko haƙorin ya tsage, shikenan aikin ya koma na cire jijiya ko cire haƙorin gaba ɗaya, kuɗi ya ninka.

Haƙorin Makka ma haka, hajiyoyi na dawowa da shi an kwaɓa musu cikin sauri ba wanda ya duba cizo. Wanda aka cire wa turmi ya bar gurbin kuma, na samansa yakan zazzago, na gefe su karkata.

Shi ya sa yarinyar da ke kan kanta take kiran duk wanda muka yi wa ciko bayan kwana 2, tambayarta ɗaya ce, Baba in ka rufe baki wane haƙori ne yake fara taɓawa?