Mako na uku da a-kori-kurata: 4L ta fara shiga

'Yan'uwa masu koyo, ga inda na kwana. Kun tuna matsalar: in na murɗa maɓalli zuwa 4H (tayoyi huɗu na ja da gudun da aka saba), motar tana karɓa nan take, amma in na kai shi 4L (tayoyi huɗu na ja a hankali da ƙarin ƙarfi) sai fitilar dashbod ta yi ta ƙiftawa, can ta haƙura.

Laifin farko nawa ne. Ina murɗa maɓallin ne mota tana tafiya, kamar yadda na saba da 4H. Ashe 4L ba ta son haka. A cikin akwatin transfa, wato wanda ke raba ƙarfin inji ga tayoyin gaba da na baya, akwai wasu haƙoran giya da ke rage gudu su ninka ƙarfi, a yawancin irin waɗannan motoci kusan sau 2.5 zuwa 2.7, kuma galibi ba su da abin da ke daidaita juyinsu kafin su haɗu. Shi ya sa sai mota ta tsaya, ko tana rarrafe ƙwarai, giya tana kan N, in kuma mai kuloci ce a take shi har ƙasa. In kwamfutar motar ba ta ga haka ba, ko kulawa ba za ta yi ba.

Na gyara hannuna, na tsaya cak, na sa N. Shiru.

Nan zuciyata ta ce ƙaramin injin lantarkin da ke tura giyar transfa ne ya ƙone, har na fara neman sabo. Abin da ya taka mini birki shi ne tunanin cewa a motata wannan injin ne dai ke sa 4H, kuma yana sawa lafiya lau. To fiyus ɗinsa na da rai, wuta na isa gare shi. Sai na sa ƙanena ya zauna a sitiyari, ni kuma na kwanta a ƙasa na kasa kunne.

Kafin ku shiga ƙarƙashin mota don wannan aiki, don Allah ku ja birkin hannu, ku sa wa tayoyi waigi gaba da baya, a fili mai daidai. Tsakanin 4H da 4L akwai gurbin da transfa ba ta riƙe komai. In ta maƙale a nan, ko giya tana kan P motar za ta iya gangarawa. Wannan ba abin wasa ba ne.

Da ya murɗa, na ji injin ya ɗan yi ƙugi, ya tsaya, ya koma baya. Ke nan yana motsi, kwamfutar ce ba ta samun labarin inda ya kai. Na cire kan batir, na zare soket ɗin da ke jikinsa. Ƙafafu biyu daga ciki sun yi kore shar, wani gari-gari na zubowa a tafin hannuna, robar bakin kuma ta tsage, busasshiyar laka ta cika gefen. Ruwa ya daɗe yana shiga. Na fesa maganin wanke soket, na goge da ƙaramin buroshi a hankali don kada ƙafafun su lanƙwashe, na bari ya bushe, na shafa giris ɗin lantarki a bakin robar, na mayar.

Gwajin farko, ƙwas! Fitila ta tsaya. Wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi. Na sa D ban taɓa totur ba, motar ta rinƙa tafiya kamar kunkuru.

Ba ta gama warkewa ba dai. Wani lokaci haƙoran kan yi karo baki da baki, sai na bar ta ta ɗan mirgina taku ɗaya kafin ta shige. Jiya kuma ta ƙi fita daga 4L, don na yi gangancin shan kwana da ita a kan kwalta: tayoyin gaba da na baya ba tafiya ɗaya suke yi a kwana ba, sai ƙarafan suka ɗaure. Na yi ribas 'yan mitoci a miƙe, ta saki. Daga yanzu a kan yashi zan rinƙa gwaji.

Asabar mai zuwa zan juye man transfa in ga launinsa, in duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Sannan in auna tayoyin nan huɗu, don na lura ɗaya ta baya ta fi sauran cinyewa.