Beran Masar din Auta, da wadda kiwon ya kare a kanta

Duk uwar da yaronta ya fara yi mata nacin a sayo masa beran Masar, to ta fara duba ko ita kanta tana da lokaci da juriyar kiwo, don wallahi ita za ta yi shi. A gidanmu dai haka ta kasance. Auta ne ya gan su a gidan wani abokinsa na Islamiyya, ya dawo ya hana kowa sakat, yau kuka gobe alkawari, shi zai share shi zai ba su abinci ko kudin tara ma ya yafe. Babansu da ba ya iya jure nacin Auta kawai sai ga shi da yamma da kwali a bayan mashin, guda biyu, daya fari da ja daya baki wuluk, wai mai sayar da zomayen ya rantse masa duk mata ne.

Wadda ta fara tada balli Hajiya ce, surukata. Tana leka kwalin ta ja da baya tana salati, ta ce yanzu ku da hankalinku ana neman maganin bera ku kuma da kudinku kuka sayo, ga Lassa ana fama. Ban ga laifinta ba gaskiya, cutar nan tun da aka fara gano ta a garin Lassa na jihar Borno a 1969 kusan duk rani sai an ji labarinta. Sai da yayan Auta ya zauna ya yi mata bayani cewa mai yada Lassa wani bera ne daban mai nonuwa da yawa da ke shigowa gidaje daga daji, wadannan kuwa ko wutsiya ba su da ita, asalinsu ma daga tsaunukan Kudancin Amurka ne, a Peru har yau kiwonsu ake yi ana ci. Hajiya ta ce su ci kayansu, ita dai kar a kawo mata su kusa da daki. Amma maganarta akwai kanshin gaskiya ta wani gefen, ragowar abincin da suke bari shi ke jawo berayen gida na gaske cikin dare, shi ya sa tun farko na kafa doka ba a kwana da dusa ko guntun karas a kejin, kuma duk wanda ya taba su sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a kwano.

Makonnin farko Auta kamar gaske, kafin ya sa yunifom ya share keji ya canza ruwa. Daga baya sai na tuna masa, daga baya sai na yi fada, daga baya kuma sai na tsinci kaina tsugunne da tsintsiya da safe shi yana makaranta. Kuma halittun nan akwai kashi, kanana-kanana kamar kwayar magani amma ba ya karewa, in aka kwana biyu ba a kwashe ba zarnin fitsarinsu har zaure.

Abincinsu ne ya fi ba ni aiki. Mutane sun dauka tunda sunansa bera ai ragowar tuwo da shinkafa ya ishe shi, a'a. Ciyawa ce abincinsu, kuma dole kullum ta kasance a gabansu, saboda hakoransu ba sa daina tsiro har su mutu, in ba sa tauna abu mai kaushi hakoran sai su yi tsayi su hana su cin abinci. Da damina babu matsala, yara su yanko a bakin fili a wanke. Da rani kuwa sai harawa da busasshiyar ciyawa daga wajen masu sayar wa masu raguna, ga tsada in Layya ta matso. Sannan jikinsu ba ya hada bitamin C da kansa, irin namu na mutane, sai sun samu a ganye kullum. In Babansu ya biya Yankaba yakan taho da ganyen latas da karas, ni kuma ina yanka musu dan tattasai mara yaji, suna sonsa sosai. Kabeji kadan nake ba su don yana kumbura musu ciki, albasa da bawon dankali kuwa ko kusa. Yanzu da sun ji karar leda daga kicin sai su dau wani irin fito, wii wii wii, su dafe jikin ragar da hannuwa hanci na rawa, ko ledar omo ce na bude.

Zafin Kano kuma ba sa iya shi sam. Watan Afrilu da rana ta kai digiri 40, na fito na tarar da bakar ta mike shame-shame tana numfashi sama-sama, ashe inuwar ta gusa daga inda kejin yake. Na dauke su na kai gindin randa inda kasa ke da danshi, na jika buhu na rufa a saman. Tun daga nan in an samu wuta ina daskarar da ruwa a gora in nade da tsumma in sa musu, sai ka ga sun kwanta sun jingina da ita. Makwabciyata da ta ga bakar ba ta da kuzari ta ce in bare kafso in zuba a ruwansu yadda take yi wa kajinta. Allah ya sa na fara tambayar wani likitan dabbobi, ya ce kul, amoxicillin da danginsa na penisilin kashe beran Masar suke yi, suna lalata musu hanji.

Sai kuma maganar duk mata ne. Wata safiya Auta ya shigo da gudu yana ihu wai sun zama biyar. Cikinsu wata biyu ne da 'yan kwanaki, 'ya'yan suna fitowa da gashinsu da idonsu a bude, ranar ma suke fara yawo. Abin da ya daga min hankali shi ne uwar tana iya daukar wani cikin a ranar da ta haihu, kuma 'ya'ya maza in sun kai sati uku dole a raba su da uwa da 'yan uwansu mata. Kafinta ya zo ya raba kejin biyu, ya sa katako a kasa tunda raga tana ji musu ciwo a tafin kafa, kudin aikin ya fi kudin berayen.

A daren ne na zaunar da Babansu. Na ce Baban yara, yaro dan shekara 9 ba shi ne za a tambaya ba ranar gobe, mu da muka ce to mu za a tambaya, ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta daure ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. Kuma wadannan suna kai shekara 5 zuwa 7, kafin su tsufa Auta yana sakandare, wata kila ma bodin. Ya yi shiru ya ce to me kike so. Na ce ciyawa da ganye naka ne, ruwa da abincin safe na Auta ne kuma ba zai hau mashin ba sai na leka na gani, wankin keji ranar Asabar ni da shi tare. Yayansa ya ce shi ba da shi aka yi shawara ba, na kyale shi tunda gaskiyarsa ce.

'Ya'yan kuwa yaran layinmu har layi suke yi a kofar gida suna Umma a ba ni Umma a ba ni. Na ce duk mai so ya turo min mahaifiyarsa, ko ta kira ni in ji daga bakinta. Guda daya ce ta zo, na fada mata komai har da kashin da tsadar harawa, ta ce ta amince, na hada mata mata biyu don ba sa jin dadin zama su kadai. Na ukun namiji ne, uwar yaron da ya fi kowa naci ta ce min a waya ita kam ba za ta iya ba, yaron ya sha kukansa ban ba shi ba. Yana nan tare da ubansa a daya bangaren kejin, Hajiya ce ma yanzu take aiko musu da bawon kankana daga dakinta, amma har yau ba ta yarda ta taba su ba.