Kan zogalen da na karya

Zogalen bayan ɗakina ya miƙe kamar gora, ko reshe ɗaya babu. Inna ta ce, "Karya masa kai mana." Na karya. Bayan mako biyu sai ga rassa sun tofo ta ko'ina.

Ashe a ƙoƙoluwar tsiro ake haɗa oksin, sinadarin girma da ke danne idanun rassan da ke ƙasa da ita kada su fito. Shi ya sa da na karya kan, oksin ya ragu, rassa suka tofo. Daga tiriftofan, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, ake yin oksin, a mataki biyu: enzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) mai suna TAA1 ya cire wa tiriftofan wani sashe da ake kira amino, sannan wani enzayim, YUCCA, ya ƙarasa aikin da iskar oksijin. Mataki na biyun ne mai tafiyar hawainiya, shi ke ƙayyade yawan da za a samu. Sai a 2011 masana suka gano haɗin matakan nan biyu a Arabidopsis, wani ƙaramin tsiro da suke gwaji da shi.

Ita dai Inna ganyen kwaɗo take jira.