Na sayi hannun jarin MTN, na bar takardun bashinsa

A watan Disambar 2021 kamfanin MTN Najeriya ya buɗe wa ƙananan masu jari ƙofa, kowane hannun jari naira 169, mafi ƙaranci guda 20. A waya na gama komai: na sa lambar BVN, na biya, aka ajiye min rabona a asusun CSCS, kamfanin da ke adana hannayen jarin da aka saya a kasuwar hannun jari. Har da gyara: wanda ya riƙe nasa shekara guda bai sayar ba, ana ƙara masa ɗaya a kan kowane 20.

A shekarar ce kuma kamfanin ya karɓi bashin naira biliyan 110 ta hanyar takardun bashi, na shekara 7, da ruwa kashi 13 cikin ɗari. Galibi manyan masu kuɗi ne ke kwashe irin waɗannan, kamar kamfanonin fansho, amma dillalina ya ce akwai asusun haɗaka da ƙaramin mutum zai bi ya shiga. Na ce masa a'a. Ruwa ne tsagwaronsa, kuma in ina son abin da ke biya a kan kari, ga sukuk, takardun zuba jari marasa ruwa, na gwamnatin tarayya tun 2017.

Sai dai ƙin sayen takardar bai raba ni da ita ba, kuma wannan ne abin da nake so duk mai shirin sayen hannun jari ya gane. Mai takardar bashi yana bin kamfani ne. Ni kuwa ina cikin masu kamfanin, don haka bashin a wuyanmu yake, sai an sallame shi kafin a waiwaye mu.

Na ga haka da idona bayan an saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a watan Yunin 2023, darajarta ta faɗi. Kamfanin a naira yake karɓar kuɗin kati da data, alhali hayar turakun sadarwa da wasu basussukansa da dala aka ɗaure su. Ya bayyana asarar kusan naira biliyan 137 a 2023, a 2024 ta kai biliyan 400. Rabon riba ya tsaya. Masu takardun bashi suna ta karɓar ruwansu, ko da yake su ma hauhawar farashi da ta haura kashi 30 ta cinye kashi 13 ɗin har ta taɓa uwar kuɗi.

Ban sayar ba, domin ko a unguwarmu ban ga wanda ya daina sayen data ba. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50, kamfanin ya koma cin riba.

Yanzu idan rahoton shekara ya fito, shafin basussuka nake fara buɗewa: nawa ake bi, da naira ne ko da dala, yaushe za a biya. Masana shari'ar Musulunci ma yawan bashin ruwa suke aunawa kafin su ce hannun jarin kamfani ya halatta.