Hotunan Yamai a Shekarar Korona

Duk mai ɗaukar hoto a Yamai ya san hasken da ya fi kyau shi ne na la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta karkata wajen Haro Banda, ɓangaren garin da ke ƙetaren kogi, kogin Isa ya yi ja wur. A watan Afrilu rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 7 na yamma. To, ƙarfe 7 ɗin nan ita ce daidai sa'ar da dokar hana fitar dare take somawa tun daga 28 ga Maris 2020, ba a sake leƙo waje sai 6 na safe. Daga bakin kogi zuwa gidana a Bukoki akwai ƴar tafiya, ga cunkoso, kowa na sauri kada dare ya riske shi a hanya. Dole na haƙura da faɗuwar rana, na koma ɗan sammako.

Ni malamin makaranta ne, hoto kuwa sha'awa ce kawai. Kyamarata tsohuwar Canon ce ta gwanjo, sai wayar da ke aljihuna. A makon da aka sanar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Nijar, ranar 19 ga Maris, aka rufe makarantu da iyakoki da filayen jirgin sama. Kafin wata ya ƙare aka killace Yamai, ba shiga ba fita. Sai ga ni da lokaci a hannu, abin da ban saba da shi ba.

A kwanakin nan Facebook cike yake da hotunan titunan Faransa da Italiya wayam, da Harami babu masu ɗawafi. Abokai da ke wasu garuruwa suka yi ta cewa in turo musu irin wannan daga Yamai. Ina zan samo shi? Ka je kasuwar Katako da hantsi, masu kafinta na buga guduma, ƴan turin kura na ihun a ba su hanya, mai ƙosai na soya abinta. Wanda tuwon darensa ke cikin cinikin safiyarsa ba ya zaman gida. A ganina duk wanda ya tashi da asuba ya ɗauki titi babu kowa, ya ce ga Yamai a zamanin korona, gaskiyar minti goma kawai ya faɗa.

Korona ta fi fitowa a ƙananan abubuwa. Bokitin roba mai famfo a ƙofar shago, an ɗora shi kan kujera, an ɗaure sabulu da zare kada ya yi ƙafa, ƙasa ta jiƙe ta yi caɓi, kaji na shan ruwan. Motocin safa jere a tasha, ƙura ta lulluɓe gilasansu har yara sun yi rubutu da yatsa. Sai takunkumi, wanda mutane da yawa suka mayar abin rataya a haɓa, don zafin Afrilu yana haura digiri 40, numfashi ma da ƙyar.

Akwai wani tela a unguwarmu da ya bar ɗinkin riguna ya koma ɗinka takunkumi da ragowar atamfa. Ya shanya su a igiya a ƙofar shagonsa, kowane da kalarsa, wani mai zanen agogo, wani mai rabin kan tsuntsu don almakashi ya bi ta tsakiya. Na durƙusa ina neman yadda hasken safe zai ratsa su ta baya. Ya tsayar da keken ya ce, "Malam, lafiya? Ƙyalle ne fa kake ɗauka." Na ce, "Alhaji, ai ƙyallen ne labarin bana." Ya yi dariya, ya gyara hula, ya ce to a haɗa da shi. Abin da na lura da shi ke nan: mutanen da a da in sun ga kyamara sai su kau da kai, da suka rufe hanci da baki sai suka daina ƙi. Har dattijai mata sukan ce ɗauka, wa zai gane ni?

Masallatai ma an hana jam'i a cikinsu, kuma wannan ne ya fi yi wa mutane ciwo. Na je Babban Masallaci wata Juma'a da azahar, filin da ke cika har kan titi babu kowa sai tattabaru. Hoton ya fito tsaf, amma ba na son kallonsa. Da azumi ya gabato, matasa a Lazare da wasu unguwanni suka riƙa fitowa da dare suna ƙona tayoyi. Ban je ba. Wannan aikin ƴan jarida ne masu katin shaida, ba na malamin da ke da iyali da kyamarar gwanjo ba. An sassauta dokar daren zuwa ƙarfe 9, sannan aka ɗage ta ranar 13 ga Mayu, aka buɗe masallatai.

A dararen nan nakan tuna da Philippe Koudjina, wanda ya yi suna da hotunan daren Yamai a shekarun 1960 da 1970, gidajen rawa da samari da ƴan mata cikin kwalliya. Da yana raye a watan nan, da bai sami abin ɗauka ba sai karnuka da motar sintiri.

Tunda ba hanyar zuwa Bubon ganin dorina, ko Kure wajen raƙuman dawa, sai na duƙufa kan kogin da ke cikin gari. A bazara ruwa yana janyewa, yashi ya fito tsibiri-tsibiri, shanu su tsallaka su yi kiwo, balbelu na bin ƙafafunsu. Kusa da gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, masu wanki suna maka tufafi a kan duwatsu tun kafin rana ta fito, su shanya su a ƙasa, fili guda ya koma kala-kala. Ƙasa kaɗan a Gamkalle majema na kankare fatu, warin jima sai ya bi ka har gida, takunkumi bai hana shi. Wani abu da ya kamata sabon shiga ya sani: kada ka auna kyamara ga soja ko jandarma ko wurin da suke tsaro, gada kuwa ɗauke ta daga nesa. Su kuma masu aiki, gaishe su tukuna. "Fofo" ga Bazabarme, "sannu da aiki" ga Bahaushe, ka zauna a taɓa hira, sannan ka nemi izini.

Balbela ta ba ni wuya. Fara ce fat, in rana ta ɗan ɗaga sai ta fito a hoto kamar an ɗiga madara, babu gashi babu ido. Sai ka rage hasken da kyamara ta zaɓa da kanta, ka bar bayan hoton ya ɗan yi duhu. Zalɓe kuwa haƙuri yake so. Ka zauna wuri guda kada ka motsa, shi zai manta da kai, ya miƙa wuya ya caki kifi. Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba: ban taɓa cire idon kyamara a waje ba, kuma a cikin tsohon rawani nake naɗe ta. Waya in ta sha rana sai ta ƙi ɗauka, sai an sa ta a inuwa ta huce.

Lambunan Yantala su na fi zama. Wani dattijo mai lambu, da nake kira Baba, ya bar ni ina shiga duk sanda na so. Salati da kabeji sun ƙare a lokacin, sai mangwaro ke nuna. A can na ɗauki shamuwar farko da na gani a Mayu, mai kawo labarin damina, tana tafe a hankali tsakanin kwamin albasa.

Sai ranar 9 ga Agusta aka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, hanyar raƙuman dawa ta sake rufuwa, wannan karon ba don cuta ba. Bayansa ruwa ya zo. Farkon Satumba kogi ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Madatsar Lamorde ta ɓalle, unguwannin Saga da Kirkisoy suka shiga ruwa, aka tsugunar da mutane a azuzuwan makarantu. In ka tambayi mutumin Haro Banda abin da ya tuna na 2020, ambaliya zai fara ce maka kafin korona. Na ɗauki kwale-kwale a inda a da moto ke bi, an ɗora katifa da akuya da tukwane. Wata tsohuwa da ke zaune kan buhun kayanta ta ce mini, "Ɗana, in ba taimako ka kawo ba, maida abinka jaka." Na ce, "To, Inna," na mayar.

Lambun Baba ma ya nutse, kan itatuwa kawai ake gani. Da ruwa ya janye, laka ta shafe komai, shingen ƙaya ya tafi, shi da maƙwabcinsa suka soma ja-in-ja kan inda iyaka take. Ya aiko jikansa ya ce in zo da hotunan bazara. Muka zauna mu uku a gindin mangwaro ina buɗe su a waya ɗaya bayan ɗaya, har muka kai kan na shamuwa, inda shingen ya fito a bayanta, ya taso daga bakin rijiya ya miƙe zuwa wata goruba. Gorubar tana nan, rijiyar ma an gano bakinta, sai suka ja igiya tsakaninsu suka kafa turaku.