Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tsalle Uku a Kan Titin Jirgi

A makon jiya mun tsaya a inda malamina mai koya mini tuƙin jirgin sama ya buɗe ƙofar jirgi ya sauka, ya ce, "Yau kai kaɗai za ka zagayo." Wannan tashin lafiya lau aka gama shi. Na uku ne ya zo da magana, lokacin da na fara jin kaina.

Jirgin Cessna 152 ne, kujera biyu, inji ɗaya, farfela a hanci. Idan babu malam a gefenka nauyi yakan ragu, jirgin ya riƙa hawa da sauri, wajen sauka kuma ya ƙi ajiye ƙafa da wuri. An sha gaya mini wannan, amma ta bayan kunne ya bi.

Na zagayo a tsayin ƙafa 1,000, na sauke filaf, wato faifan bayan fiffike da ke taimaka wa jirgi sauka a hankali, har digiri 30, na fuskanci titi. Littafin jirgin ya ce a tunkaro da gudun not 55 zuwa 65 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi). Ni kuwa allurata tana kan 75, saboda tsoron kada gudu ya gaza, fiffike ya saki iska, in faɗo. To, jirgin da gudu ya yi wa yawa ba ya zama. Sai ya yi ta shawagi dab da kwalta, titi yana ƙarewa a gabana ina kallo. Haƙuri ya ƙare mini, na tura sitiyari gaba don in dasa shi da ƙarfi.

Tayoyin baya biyu su aka gina don ɗaukar nauyin sauka. Ta gaba siririya ce, aikinta juya jirgi a ƙasa. Ita na fara bugawa. Hanci ya yi sama, na sake turawa, ya dawo ya buga fiye da na farko. Matuƙa jirgi suna kwatanta wannan da tsallen kifi, kuma muguntarsa ita ce hannunka kullum a makare yake: kafin gyaranka ya kama, jirgin ya riga ya juya, sai gyaran ya zama ƙari.

Muryar malam ta fasa rediyo: "Ba shi wuta! Tashi ka sake zagayowa!"

Hannuna na dama yana kan totur. Na san abin yi sarai, mun maimaita shi ya fi a ƙirga: wuta duka, riƙe hanci daidai, rage filaf kaɗan-kaɗan. Amma ɗalibai 'yan'uwana suna tsaye a bakin rumfar jirage, kuma wallahi abin da ya zo mini a rai shi ne kada a ce na kasa sauka. Har yau idan na tuna sai in ji haushin kaina, domin babu wanda ya taɓa yi wa wani dariya don ya sake zagaye.

A bugu na uku ƙafar gaba ta karye. Farfela ta daki kwalta, jirgin ya ja hanci a ƙasa ya tsaya, wutsiya a sama. Shiru. Na rufe mai, na kashe makunnai, na fito gwiwoyina suna rawa.

Malam ya iso yana haki.

"Ka ji ciwo?"

"A'a, Malam."

"Alhamdu lillahi." Ya durƙusa ya shafa bakin farfelar da ya lanƙwashe. "Ka san sai an kwance injin nan gaba ɗaya an duba cikinsa? Farfela ba ta bugun ƙasa a bar inji haka." Sannan ya ɗago ya dube ni. "Ka ji ni a rediyo?"

"Na ji, Malam."

"Me ya hana ka?"

Ban amsa ba. Da yamma aka miƙo mini takardar rahoton haɗari, akwai layin da aka bari don in rubuta dalili da hannuna. Abin da na fara rubutawa ƙarya ne: na ɗora wa iska. Yadda malam ya yi da takardar nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.